Sunan Yahaya a Fuskar Waya

Ni na fara gani. Kafin hakimi, kafin ƴan banga, kafin masu manyan wayoyin nan da ke shafa gilashi da yatsa suna gyaɗa kai, ni Arzika mai bin sawu na ga cewa ba baƙo ya kwance shanun Sama'ila ba. Na faɗa da bakina a gindin tsamiyar da anka ɗaure su, mutane na ji. Ba wanda ya saurare ni, don ranar akwai gawa a gari, kuma mai gawa ba ya jin magana sai wadda ta zo da sunan wanda zai kama.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma agana ta ci fuskata ta bar ni, yunwa ta kwashe sa'o'ina ta bar ni, ɓarayin shanu sun sa mini harsashi a cinya, yana nan ciki, da shi nake zuwa masallaci. Duk dabbar da ta ɓata tsakanin Bodinga da Shagari, ni ake aika wa. To, ku saurara.

Farkon damina ne, an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Sama'ila, manomi a ƙauyenmu na Gidan Hantsi, ya fita huɗa da bijimansa biyu. Da hantsi anka kira shi a waya anka ce ɗan'uwansa na Shagari ya yanke jiki ya faɗi, ya zo maza. Ya ɗaure shanun a gindin tsamiya, ya sauke matarsa Rahama a gida, wadda ta kai masa kunu gona, ya kama kwalta a kan babur. Bai kai Shagari ba. Wata motar kaya ta gamu da shi a kwana. Kafin azahar anka kawo shi cikin tabarma, kuma wanda ke riƙe da kan tabarmar wansa ne Maniru, wanda anka ce ya faɗi, lafiyarsa lau, ko ciwon kai bai yi ba. Da anka tuna da shanu anka je gona, sai garma kaɗai a yashe.

Na duƙa a wurin. Igiyar ba yanka ta anka yi ba, kwance ta anka yi a natse. Ba alamar turjiya, ba kashin tsoro a warwatse. Mutum guda ne, da takalmin robar nan da rabin ƙasar ke sawa, takunsa mai tsawo, dugadugansa ba nauyi, tafiyar mai jini a jika. Kuma yana gaba, shanu na biye. Baƙo kora yake yi daga baya da sanda. Sa ba ya bin bayan wanda bai san warinsa ba.

Sawun ya bi ta gefen wata ruga, nan take samarin da ke biye da ni sunka fara zare adda. Na tare su na nuna musu cewa shanun wucewa sunka yi, ko tsayawa ba su yi ba. Na bi har bakin hanya, inda wata mota ta ja da baya ta bar tayarta a taɓo. A nan ƙasa ta yi shiru.

* * *

Bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai Abdulaziz, autan su Sama'ila, mai shago a Shagari, ya fito da ƙaramar wayar mamacin. Babur ya murƙushe, mutum ya tafi, waya ko tsagewa ba ta yi ba. Ya duba ya ce da farko an yi ta kira da ɓoyayyar lamba, Sama'ila bai ɗauka ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, a ƙasarmu yanzu ba mai ɗaukar kiran da ba lamba, don kowa ya san masu daji da haka suke sallama. Da mai kiran ya ga ba a ɗauka, sai ya kira da lamba a buɗe, amma wadda ba ta cikin sunayen da Sama'ila ya ajiye.

Abdulaziz ya kwafe lambar ya sa a babbar wayarsa, wadda ke da wani abu a ciki mai faɗin sunan mai kira ko ba ka san shi ba. Ya ɗaga ta sama ya karanta da ƙarfi: Yahaya Mai Albasa.

Yahaya na zaune a kan tabarmar da nake, gwiwarsa na taɓa tawa. Taubashinsu ne, ɗan gwaggonsu, tare sunka tashi suna tsokanar juna. Ɗansa na fari, Mubarak, shi ke auren ɗiyar Maniru, kuma shi ya fi kowa haƙa a kabarin ranar, ƙasa har gashin kansa. Wani daga baya ya ce infoma. Kalmar nan a wurinmu ta fi ɓarawo muni, tana nufin wanda ke zaune cikinmu yana nuna wa masu daji inda dukiya take, kuma wanda ƴan banga sunka fita da shi da wannan suna ba a shimfiɗa masa tabarmar dawowa. An fara jan rigar Yahaya. Mubarak na tsaye da buta a hannu kamar an kafe shi. Hakimi ne ya shiga tsakani, ya kai Yahaya ɗakin da yake ajiye taki ya rufe, ya ce ba mai taɓa shi sai an yi addu'ar uku. In har ranar ba wata magana, to, shi ma hannunsa ba zai iya tare gari ba.

Na ce musu mai takun nan saurayi ne, Yahaya kuwa jan ƙafa yake yi. Sunka ce ai infoma kira kawai yake yi, wasu ke ɗauka. Waya ta faɗi suna, mi kuma tsoho zai ce?

* * *

Ni kam, wanda na fara zargi Abdulaziz ne. Ya yi saurin fito da suna, kuma an san yana da ido a kan fadamar da ke iyaka da ta Yahaya. Na ce a raina, wanda ya iya karanta suna a waya, ya iya rubuta shi. Sai na shiga mota na tafi Bodinga wurin Ɗanmalam, mai gyaran waya a bakin tasha, mutum mai iyali da furfura a gemu, ba yaro ba.

"Baba Arzika, yau kuma akuyar wa ta shiga cikin wayoyina?"

Na ce ta uban mai tambaya. Ya yi dariya ya ba ni benci. Lambar ta riga ni isa Bodinga, kowa na tura wa kowa. Ya sa ta a wayarsa ina kallo, ya ce sunan nan ne dai ya fito, don haka ba Abdulaziz ya ƙirƙira ba. Ya ma san layin, tsohon layin Yahaya ne na cinikin albasa, kafin ya sake sabo. Maƙwabtan shagon Abdulaziz kuma, da na bincika daga baya, sun ce yana kan kantarsa tun safe. Zargina ya mutu a nan.

Na ce to ya gaya mini, wa ke zaune cikin wayar yana ganin fuskar mai kira? Ya ce ba kowa. In ka kira mutum, kamfanin layi ne ke tura lambarka gaba, wayarsa ta duba sunayen da ya ajiye, in ta samu ta nuna. In ka ɓoye lamba, kamfani ya sani, wanda ka kira ne kawai ba a nuna wa. Shi kuwa abin da ke wayar Abdulaziz, tattara sunaye yake yi daga wayoyin jama'a, abin da mutane sunka rubuta wa lamba shi zai faɗa. Bai san hannun da ke riƙe da waya ba.

"Ko ni yanzu in na ari taka na kira, Baba, kai za a ce."

Ya sa tawa lambar don in gani, ya karanta yana ƙunshe dariya: Arzika Baki. Na ce wane marar kunya ne ya kai sunana kasuwa ba da izinina ba? Ya ce ai ba a tambayar mai suna.

Na ce masa to kamfanin fa, ko su za su faɗi gaskiya. Ya ce hukuma kaɗai suke ba amsa, kuma ko sun amsa, wanda ya yi rajistar layin da fuskarsa da katinsa za su nuna. Yahaya ke nan dai. Na ce wannan takalmi ne kawai. Tun ba a haifi Ɗanmalam ba na san sawun takalmi ba sawun ƙafa ba ne, kowa na iya zura ƙafarsa. Abin da ya rage in san ƙafar wa ke ciki.

* * *

Hakimi ya bar ni na shiga wurin Yahaya. Yana zaune a kan buhu, leɓensa a fashe. Na tambaye shi ina tsohon layin. Ya ce ya ɓata. A ina? A kasuwa. Wace kasuwa? Ya dubi bango. Na ce ko zai dafa Alƙur'ani a kan cewa bai san hannun da layin yake ba, in je in gaya wa hakimi yanzu. Sai ya juyo ya ce:

"Arzika, ka hutar da ƙafarka. Abin da anka rubuta ba ya gogewa."

Na ga mutane da yawa da anka kama, na san idon mai laifi, na san idon marar laifi mai tsoro. Na Yahaya ba ko ɗaya. Idon wanda ya jingina bayansa da ƙofa ne yana tare ta.

* * *

Rahama na takaba, don haka daga bayan asabari ta yi mini magana, wata tsohuwa na zaune kusa da ita. Ta ji kiran duka, don kunnen Sama'ila ya yi nauyi, kullum a sifika yake magana. Ta ce muryar kamar daga ƙarƙashin mayafi take fitowa, ba ta gane ta ba. Mai kiran ya ce shi baƙo ne, mai wucewa ne a Shagari, an ba shi lamba ya sanar. Ya ce ɗan'uwanku na Shagari ya faɗi. Malam, wato mijinta, ya ce wane, tunda biyu gare shi a can. Sai anka ce babban.

Na kusa tashi. Na ɗauka kunyarta ce ke magana, don mace mai tarbiyya ba ta kama sunan mijinta, balle na wan miji, duk labarin da Malam da Yaya ta ba ni shi. Har na ɗauki sandata, sai na koma na zauna.

Na ce, "Ɗiyata, ajiye kunya gefe, rai ke kan gargara. Shi mai kiran, da ya zo wurin sunan, ya faɗe shi?"

Ta yi tunani. Sannan ta ce a'a. Malam ne ya jera sunayen biyu, mai kiran ya ce, wanda ka fara ambata. Malam bai ji da kyau ba, ya sake ɗaga murya ya kama sunan Yaya ya ce shi kake nufi? Mai kiran ya ce, i, shi. Har Malam ya yi tsaki ya ce wanga wane irin mutum ne ba ya magana a fili.

Na fito na zauna a bakin rijiya. Baƙon da anka ba suna ya sanar, sunan zai fara faɗa. Yahaya kuwa, taubashi, a tsakiyar kasuwa yake kiran Maniru bawana, ya kama sunan ya ja shi yadda ya ga dama. Wanga mai kira ya iya ƙarya, ya iya rufe baki da tsumma, ya iya neman layin da ba a sani ba, amma harshensa ya ƙi ɗaukar sunan nan, don tun ranar da anka ɗaura masa aure bai taɓa furta shi ba. Ƴaƴan Maniru maza ƙanana ne. Surukinsa guda ne a duniya. Kuma a daminar bara, wa ya ari shanun Sama'ila ya yi huɗa da su har sunka saba da shi?

Na so ƙwarai a ce ban iya aikina ba. In na yi shiru, a fita da Yahaya daji. In na yi magana, in cire masa abin da ya jingina bayansa yana tarewa. Ba wata hanya ta uku, na duba.

* * *

Ranar addu'a, bayan an shafa fatiha, na duƙa gaban hakimi na ce, Allah shi ja zamaninka, ina roƙon a tara mini mutum huɗu a zaure, a sa Rahama a bayan bango ta saurari murya. Na kira Yahaya, da Abdulaziz, da Ɗanmalam wanda na sa ya zo daga Bodinga, da Mubarak, na ce shi don ya tsaya wa ubansa. Maniru na gefen hakimi. Zaure ya cika, ƴan banga na ƙofa da igiya a hannu.

Maganar muryar dabara ce kawai. Na ce kowa ya faɗi abu guda da ƙarfi: Maniru ya faɗi, ka zo maza.

Ɗanmalam ya faɗa yana murmushin jin nauyi. Abdulaziz ya faɗa a fusace, ya ce wasan yara ake yi da jinin ɗan'uwansa. Yahaya ya faɗa kansa a ƙasa, sunan ya fita daga bakinsa sumul, kamar kullum. Sai na juya ga Mubarak.

"Baba ya faɗi, ka zo maza."

Na ce ba haka na ce ba, ya kama sunan. Ya ce, wanda kunka ambata. Wasu sunka yi ƴar dariya, wani dattijo ya ce haba Arzika, kai ma ka san ba a sa yaro ya kama sunan surukinsa a gabansa. Na ce na sani, ɗan mutunci ne, gidan tarbiyya ya fito. Sannan na ɗaga murya na ce Rahama ta maimaita wa jama'a abin da mai kiran ya ce da Sama'ila ya tambaye shi wane. Daga bayan bango muryarta ta zo a hankali: wanda ka fara ambata.

Dariyar ta tsaya. Na ga Maniru ya juyo da fuskarsa sannu a hankali yana duban mijin ɗiyarsa.

Wannan kaɗai ba ya ɗaure mutum, na sani. Yahaya ne ya ƙarasa aikin, ba da sonsa ba. Ya miƙe tsaye yana jan ƙafa, ya miƙa hannuwansa biyu ga masu igiya.

"Ni ne. Ni na kira, ni na sai da shanun. Ranka shi daɗe, a fita da ni, a bar tsohon banzan nan da surutunsa."

Mutumin da ya ƙi amsa laifi da duka, ya amsa shi yanzu da ba wanda ya taɓa shi. Kowa ya gane. Mubarak ya zube a ƙasa ya kama ƙafar ubansa. Ya ce layin tun bara yana hannunsa, uban ya ba shi da ya sake sabo. Ya ce shanun kawai ya nufa, ya sai da su ya sayi babur ya bar noma, ya ɗauka Kawu Sama'ila zai je Shagari ya ishe kowa lafiya ya dawo yana faɗa. Bai san sunan ubansa na manne da lambar ba. Ya yi ta cewa bai sani ba. Ko a cikin kukan nan bai kama sunan surukinsa ba.

Hakimi ya tsaya da kansa a ƙofa ya ce hukuma za a kai shi, ba daji ba, kuma a motarsa anka tafi da shi. Da zaure ya watse Yahaya ya zo ya tsaya a kaina. Na ɗauka ko godiya ce.

"Wa ya aike ka, Arzika? Na riga na gama shirina. Wa ya aike ka?"

* * *

Shanun ba a gan su ba, sun daɗe da zama nama. Ɗiyar Maniru ta koma Shagari da ciki, gidajen nan biyu da sunka fito daga kaka guda ba sa gaisawa ko a makoki. Rahama ta fita takaba ta ishe gona ta zama ciyawa. Mubarak na tsare, ba wanda ya san ranar fitarsa.

Yahaya yana da rai, wannan aikina ne, kuma ba mai ƙwace mini shi. Amma a kwanakin da yake kulle, duk mai lambarsa a ƙasar nan ya gyara sunan a wayarsa, tsohon layin da sabon, anka rubuta Yahaya Infoma. Da gaskiya ta fito ba wanda ya tuna ya mayar. Abin nan mai tattara sunaye ya kwashe ya kai duniya. Da rani ya cire albasa ya kira dillalan da ya saba da su, waɗanda sunka san shi sun ji labari rabi, waɗanda ba su san shi ba sun ga suna a gilashi, ba mai ɗauka. Albasa ta ruɓe a rumbu, har hanya ake jin warinta.

Ɗanmalam ya zo takanas ya ce akwai yadda ake roƙo a cire, ko a sake layi da sunan wani, shi zai yi masa kyauta. Ina wurin, daga nesa, don Yahaya ba ya amsa sallamata. Ya ce a bar shi. Ya ce in an goge nasa, sunan wancan za su rubuta, gara nasa. Wancan ya kira shi, don Mubarak ɗan fari ne, bai taɓa kama sunansa ba.

Yanzu a majalisa ana cewa tsufa ya kama Arzika, ƙari yake yi, wai ma da ya yi shiru da ya fi. Masu faɗin haka su ne sunka riƙe igiya ranar. To, wanda ke musu, hanya ba ta da nisa. Ya je tashar Bodinga ya karɓi lambar a wurin Ɗanmalam, ya sa a wayarsa ya karanta abin da za ta nuna masa. Sannan ya zo Gidan Hantsi, in kai shi har ƙofar Yahaya da ƙafata mai harsashi, ya dubi idon mutumin ya maimaita masa abin da ya karanta, in ya isa.